Mun Ci Iri, Muna Zargin Ƙasa

Na san akwai wanda zai yi murmushi idan ya ga a kan agwagwa zan yi magana. A zamanin da manomin gabashin Sakkwato ke shiga gonarsa da fargaba, kwanon gero kuma yake neman gagarar mai iyali, wa zai ɓata tawada a kan tsuntsuwar da ke wanka a kwata? Ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri, ya saurari ƙarar tukuna kafin ya yanke hukunci. Tuhumar da nake yi mana, mu mutanen Sakkwato, ita ce: shekara da shekaru muna yanka mafi kyawun abin da muke kiwo, muna barin mafi lalacewa ya haifa mana na gaba, sa'annan idan zuriya ta ƙanƙance sai mu ce ai dama na gida ba shi da auki, mu bazama neman na Turawa. Agwagwa shaida ce na kira, domin a kanta laifin ya fi fitowa fili, kuma a kanta na gan shi da idona.

Jan zaren Inna

Na tashi a hannun kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, a wata tsohuwar unguwa da ke gangaren da ya nufi fadamar Rima. Inna ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai kiwon da ya san dabbarsa kamar yadda ta san agwaginta ba. Cikinsu akwai wani baƙin toro mai faɗin ƙirji, gashinsa na sheƙi kore-kore idan rana ta buge shi, yana taku kamar basarake. Akwai kuma mata huɗu ko biyar da ta ɗaura wa jan zare a ƙafa. Zaren nan ba don ado ba ne. Wadda ta zauna daram a kan ƙwanta har ta cika kwanakinta, ta ƙyanƙyashe mafi yawa, ta tsare 'ya'yanta daga shirwa, 'ya'yan kuma suka yi saurin girma, ita ke samun zare. Wadda ta samu zare kuwa ta tsira daga wuƙa da kasuwa. Duk bayan shekara biyu Inna kan aika da toronta wajen wata ƙawarta a ƙauyen Dundaye, a kawo mata na can, wai don kada uba ya riƙa bin 'ya'yansa.

Wata rana mahaifina ya yi baƙo na kunya daga dangin matarsa. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, “Inna, a taimake ni da toron nan, ko nawa ne in biya.”

Ba ta ko ɗaga kai daga kaɗin da take yi ba ta ce, “Kama wancan mai ɗingishi, ko ka kama biyu cikin ƙanana, ban hana ka ba. Amma wanga iri na. Wanda duk yac ci iri nai, baɗi sai roƙo.”

Inna ta rasu ina aji biyu a sakandare. Ranar sadakar bakwai aka kama toron aka yanka, domin shi ya fi cika tukunya. Masu jan zare kuwa su aka fara kaiwa kasuwa, domin su suka fi kuɗi. Aka bar mai ɗingishi da ƙannensa mata, su ne suka zama iyayen gidan. Ba a yi shekara huɗu ba agwagin suka koma abin tausayi: ƙwai goma sha, a ƙyanƙyashe huɗu, saura baragurbi, waɗanda suka fito ɗin ma a tsumbure. Mutanen gida suka ce albarka ta bi Inna kabari. Wasu suka ce agwagin yanzu ne ba su da kirki. Babu wanda ya tuna cewa da hannunmu muka dafa albarkar, muka raba ta a kwanoni.

Wace ce wannan tsuntsuwa?

Kafin mu raina abu ya kamata mu san shi. Agwagwar da ke yawo a lungunanmu, mai jan tsiro a fuska, wadda ba ta kuka sai huci, asalinta daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Mutanen can sun mayar da ita ta gida tun kafin Kolumbus ya isa nahiyar a 1492, daga baya jiragen fatake na Turawa suka yaɗa ta zuwa gaɓar Afirka, ta biyo hanya har ta iso mu. Kakanta na daji baƙi ne mai fari a fiffike. Farare da masu roɗi-roɗi da muke gani yanzu a hannun ɗan Adam suka yawaita. Jinsinta daban yake da na sauran agwagin gida na duniya, waɗanda dukkansu daga wata agwagwar ruwa mai koren kai suka fito.

Ga kuma abin da ta zo mana da shi. Tana da faratan hawa bishiya da katanga. Tana neman abincinta da kanta, daga ciyawa da dusa zuwa ƙuda da tsutsa da ƙwari. Tana jure zafi. Tana kwanci na kwana 35, alhali kaza 21 take yi, kuma ba ta barin gurbinta da wasa, shi ya sa wasu mata ke sa mata ƙwan kaza ta ƙyanƙyashe musu. Namanta tsoka ne, bai cika kitse ba. Annobar nan da ke share kaji a lokacin hunturu, har a wayi gari akurki ba kowa, galibi takan bar agwagwa a tsaye. Toronta yakan kusa ninka macen nauyi.

Yanzu ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. A Faransa wannan tsuntsuwa ce ake kira agwagwar Barbari, kuma namanta na cikin abincin alfarma. Toron da suke kiwo yakan kai kusan kilo 5 cikin mako 12, namu kuwa sau da yawa yakan shekara bai kai haka ba. Jinsi ɗaya ne, kaka ɗaya. Lalle abinci da kulawa suna da nasu rabo a wannan bambanci, amma babban sirrin shi ne Faransawa sun shafe shekaru da dama suna yin abin da Inna take yi da jan zare: su auna, su zaɓa, su ajiye mafi kyau ya haihu. Mu kuwa muna yin zaɓen ta baibai.

Yadda gado ke tafiya

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ilimin zamani bai ƙaryata wannan ba, bayaninsa ya yi. Kowace halitta tana karɓar ƙwayoyin gadonta kashi biyu, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, wanda ya yi gwaje-gwaje da waken Turawa a lambun majami'arsa da ke garin Brno, ya wallafa sakamakonsa a 1866, inda ya nuna cewa siffa tana iya ɓuya a jikin ɗa ta sake bayyana a jikin jika. Wasu siffofin, kamar launin gashi, ƙwayoyi kaɗan ne ke juya su, don haka ana ganin sauyinsu nan da nan. Amma nauyin jiki, da yawan ƙwai, da juriyar cuta, ƙwayoyi masu yawa ne suka haɗa hannu a kansu, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Irin waɗannan ba a gyara su da tsalle ɗaya. Sai an zaɓa bana, an zaɓa baɗi, kowace zuriya ta ɗara iyayenta kaɗan, kuma abin da aka samu ba ya zubewa muddin ba a saki hanya ba.

To, sai mu yi lissafi irin na kasuwa. Toro ɗaya yana isar mata biyar ko shida. Ke nan rabin jinin duk 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe a gidan daga gare shi yake. Ranar da aka sa masa wuƙa don shi ya fi girma, rabin gobe aka yanka. Wanda ya rage, wato wanda bai isa a kai wa baƙo ba, bai isa a kai kasuwa ba, shi ne zai zama uban kowa. A maimaita haka sau biyar, sau goma, a kowane gida na kowace unguwa, me ake jira ya fito? Zaɓe dai muna yin sa, ko mun sani ko ba mu sani ba, domin duk wanda ke riƙe da wuƙa mai zaɓe ne.

Ɓarna ta biyu ita ce barbarar jini ɗaya. A ƙaramin garke, idan ba a sauya namiji, uba zai bi 'yarsa, wa ya bi ƙanwarsa. Kowace halitta tana ɗauke da wasu aibobi a ɓoye, waɗanda ba sa fitowa sai an gado su ta wajen uwa da uba gaba ɗaya. Idan iyayen jininsu ɗaya ne, aibi ya gamu da ɗan'uwansa ke nan. Alamar farko a tsuntsaye ita ce ƙwai ya ƙi ƙyanƙyasuwa, 'ya'ya su fito ba ƙarfi. Abin da ya faru a gidanmu ke nan, kuma shi Inna take gudu da take aika toronta Dundaye.

Ai mun san wannan ilimi

Da a ce mu mutane ne da ba su taɓa sanin zaɓen iri ba, da na yi mana uzuri. Amma wace ƙasa ce ta fitar da jar akuya? Fatar jar akuyar Sakkwato ce ayari suka riƙa ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Wannan ja mai kama jiki, da laushin fata, da yawan haihuwar tagwaye, masu kiwo ne suka tsare su tsawon zamani ta hanyar sanin bunsurun da za a bari a garke. Maƙwabtanmu na Nijar sun san darajar wannan gado, har suka kafa cibiya ta musamman a Maraɗi a 1963 domin kiyaye jinin akuyar da yaɗa shi. Shanun Gudali masu gajeren ƙaho, waɗanda duniya ta sani da sunan Sakkwato, su ma haka suka samu. Je ka Kara ka taya bijimin da Bafulatani ya ware wa garkensa, ka ji amsar da zai ba ka. Manomin gero kuma tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika, ya rataye ta daban, kuma ko yunwa ta kai ina, ita ce ta ƙarshe da za a taɓa.

Turawan da muke yi wa kallon masu sihiri ba su da wata dabara da ta wuce wannan. Robert Bakewell, manomin Ingila da ya rasu a 1795, wanda ake ɗauka a matsayin jagoran gyaran irin dabbobi na zamani, abin da ya yi shi ne zaɓen tumaki da shanu da ido da ma'auni, da ba da hayar ragunansa ga wasu manoma don ya ga irin 'ya'yan da za su haifa. Agwagwar da ta fi shahara da ƙwai a duniya, wadda ake kira Khaki Campbell, mai iya yin ƙwai kusan 300 a shekara, wata matar aure ce mai suna Adele Campbell ta fitar da ita a bayan gidanta, a wani ƙauye na Ingila, a ƙarshen ƙarni na 19. Mace ce mai 'yan agwagi, kamar Inna. Bambancin shi ne mutanenta sun rubuta aikinta, sun tsare jinin, sun sa masa sunanta. Mu kuwa mun yi sadaka da namu.

Me ya sa ilimin da muka yi amfani da shi a kan akuya da sa da gero bai sauko kan agwagwa da kaza ba? Amsar ba ta da daɗin ji. Sa dukiyar namiji ce, gero rumbun maigida ne, tsuntsun tsakar gida kuwa kiwon mata ne da yara. Maigida yana ganin yana da ikon miƙa hannu ya kama wanda ya ga dama ranar da baƙo ya sauka, ba tare da ya tambayi mai shi wanne ne iri ba. Alhali wannan kiwo shi ne asusun matar da ba ta fita: da shi take sayen maganin yaro, da littafin makaranta, da kwanon da za ta ajiye wa 'yarta. Raina agwagwa, a gaskiya, raina dukiyar mace ne.

Kwaɗayin na Turawa

Bayan mun lalata namu, sai mu nemi hanyar gajarce wahala. Wani ɗan baffana ya taɓa sayo fararen agwagi masu ruwan ɗorawar baki daga hannun wani dillali da ya ce masa na Turawa ne. Irin nan ne da asalinsa daga Sin yake, wanda aka kai Amurka a 1873, kuma gaskiya ne yana kai munzalin yanka cikin mako 7 idan ya samu abin da yake so. Abin da yake so ɗin ne matsalar: abincin buhu mai tsada, da inuwa, da ruwa mai sanyi. Da bazara ta shigo, ma'aunin zafi ya haura 40 kamar yadda ya saba a watan Afrilu, sai suka saki fukafukai suna haki. Waɗanda suka rayu suka riƙa zubar da ƙwai ko'ina, ba mai kwanci a cikinsu, domin an cire musu wannan ɗabi'a tun a can, inda inji ke yin aikin uwa. Injin ƙyanƙyasa kuwa lantarki yake so na kusan wata guda ba yankewa. Mai karatu ya san halin da muke ciki.

Ɗan'uwan nawa bai karaya ba. Ya bar toron gida ya bi fararen, ya sa wa agwagwar gida ƙwan ta kwanta, 'yan kaɗan suka fito. Suka tashi manya, masu saurin girma, har maƙwabta na zuwa kallo. Murna ta sa ya sayar da na gidan gaba ɗaya, ya ajiye waɗannan a matsayin iri. Shekara ta zagayo, babu ɗa ko ɗaya. Ashe alfadarai ya tara. Kamar yadda doki da jaki ke haifar alfadarin da ba ya haihuwa, haka gamin waɗannan jinsi biyu yake. Faransawa suna yin wannan gami da gangan saboda nama da hanta, amma sun san kowane zubi sai an koma wajen iyaye na asali, don haka iyayen suke tsarewa kamar ido.

Wannan darasi ya wuce agwagwa. Dubi kajin gidan gona: kowane zubi sai an sayo 'yan tsakin kwana ɗaya, galibi daga kudu, musamman Ibadan, su kuma masu ƙyanƙyasar kakannin kajinsu daga wasu 'yan kamfanoni na ƙetare suke fitowa. Mai kiwo yana da kaji, amma ba shi da iri. Ranar da hanya ta toshe ko canjin kuɗi ya tashi, akurkinsa ya zama kango. Ba na cewa jinin waje haramun ne. Idan za a kawo toron Barbari da aka gyara, wanda jinsinsa ɗaya da tamu, a gwada shi a zafinmu da abincinmu, masana su auna 'ya'yansa, wannan hankali ne. Abin da nake ƙi shi ne a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Abin da za a ce da ni

Za a ce agwagwa ƙazama ce. Na ji. Amma wa ya haƙa kwatar, wa ya bar ta a buɗe? Tsuntsuwa ce mai son ruwa, ta nemi na wanka ba ta samu ba, ta shiga wanda muka zubar. A ba ta kasko da ruwa mai kyau a ga ko za ta nufi lungu. Malaman fiƙihu ma da suka yi magana a kan dabbar da ke cin ƙazanta, waɗanda suka tsananta a cikinsu cewa suka yi a tsare ta wasu kwanaki a kan abinci mai tsabta. Gyaran yana hannun mai kiwo.

Za a ce zaɓen iri shisshigi ne a cikin halittar Ubangiji. Wannan magana ba ta da ƙafa. Mai zaɓe ba ya halittar ko gashi ɗaya. Cikin abin da Allah ya riga ya halitta yake fifita wani a kan wani, kamar yadda mai layya ke duba rago mafi lafiya. Idan ware zangarniya halal ne, ware toro ma haka.

Za a ce agwagwa na yaɗa murar tsuntsaye. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi wasa da ita ba. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar mugun nau'in cutar a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma an yi asarar kaji masu ɗimbin yawa. Gaskiya ne tsuntsayen ruwa suna iya ɗaukar cutar, wasunsu ba tare da sun nuna alama ba, kuma fadamunmu masauki ne na tsuntsaye masu ƙaura. Sai dai a lura: kiwon sakaka shi ne haɗarin. Mai gyaran iri dole ya killace, ya raba agwagwa da kaza, ya san wadda ta shigo da wadda ta fita, ya ware baƙuwa kafin ya gama ta da garke. Tsarin da ke gyara jini shi ne dai tsarin da ke tare cuta.

Za a ce mutanenmu sun fi son zabo da kaza, naman agwagwa tauri gare shi. Tsohon toron da ya shekara uku yana yawo dole ya yi tauri, haka ma tsohon zakara. Wanda aka yanka yana wata uku ko huɗu labarinsa daban ne. Amma ba za a samu mai nama a wata huɗu ba sai daga iyaye masu saurin girma, waɗanda su ne muke cinyewa. Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta. Kasuwa ma abin da aka kai mata shi take yi wa kuɗi.

Abin yi

A jami'o'in ƙasar nan an sha auna agwagwar gida: tsawon baki, faɗin ƙirji, nauyin ƙwai. An rubuta kundaye, an samu digiri, an jera su a kanta. Awo abu ne mai kyau, amma awo ba ya haihuwa. Ina agwagwar da za mu nuna mu ce ga sakamakonsa? Ba kuwa don abin ya gagara ba ne. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, ta yi shekaru tana zaɓe har ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown, wadda ta dace da yanayinmu. Abin da aka yi wa kaza a Zariya ana iya yi wa agwagwa a Sakkwato. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar noma da ta likitancin dabbobi, ga fadamar Kwalkwalawa a bakin ƙofarta. Kirana gare ta shi ne ta tara mafi kyawun agwagi daga Kware da Wamakko da Goronyo da unguwannin birni, ta kafa garken iri, ta auna ta zaɓa zuriya bayan zuriya, sa'annan ta riƙa sayar wa mata da mazan da aka tantance a farashi mai sauƙi. Gidan rediyon Rima kuma ya kai bayanin har ɗakunan da malamin gona ba ya shiga. A bikin nunin amfanin gona a ware kyauta ga macen da ta zo da toro mafi kyau, da sharaɗin ya koma gida da ransa.

Amma ba sai mun jira hukuma ba, domin babban aikin a tsakar gida yake, kuma ba ya cin ko sisi. Wuƙa ta fara daga ƙasa: a yanka ƙarami da mai aibi, a bar babba. A ɗaura wa uwa tagari alama, a ajiye 'ya'yanta mata su gaje ta. Kada toro ya wuce shekara biyu a gida ɗaya. Matar Mabera ta yi musaya da ta Gidan Igwai, ta Runjin Sambo da ta Arkilla, kamar yadda ake musayar irin shuka. A killace 'ya'ya a makonninsu na farko, nesa da shirwa da kwata da tayar babur, domin ba a zaɓe sai cikin waɗanda suka rayu. Yaron gidan da ke zuwa makaranta a ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta wadda ta yi ƙwai nawa, ta ƙyanƙyashe nawa. Maigida kuma, kafin ya miƙa hannu, ya tambayi mai kiwon wanne ne iri, ya kuma karɓi amsarta kamar yadda mahaifina ya karɓi ta Inna, ya tashi ya kama mai ɗingishi.

Yau ina da 'yan agwagi a bayan gidana, kuma uku daga cikinsu suna ɗauke da jan zare. Ban kai Inna ido ba, amma bana na ga 'ya'yan da suka ɗara iyayensu. A Sallar da ta wuce wani aboki ya zo, ya ga toron, ya ce, “Malam, wannan ai ya isa yanka.” Na ce masa ya isa, shi ya sa ba za a yanka shi ba. Ya yi dariya, yana tsammanin rowa ce. Ita wannan dariya nake so mu daina, domin al'ummar da ba ta bambanta abinci da iri ba, ko an ba ta mafi kyawun dabbar duniya, cikin 'yan shekaru za ta mayar da ita mai ɗingishi, ta kuma ce laifin ƙasa ne.